Ranar da Na Tara Dangi Su Ƙara wa Yaro Sojojin Jini

Tsufa ya ci mini abubuwa da yawa. Ya ci haƙoran gaba, ya ci sunayen rabin jikokina, ko abin da na karya da shi da safe sai uwargida ta tuna mini. Amma akwai rana guda da ya taɓa ya ji ta fi ƙarfin dasashinsa, kuma na tabbata da ita za a binne ni. Ita ce ranar da na cika wani asibiti a Dutse da dangina, kowa ya naɗe hannun riga, sun zo ba da abin da babu wanda ya roƙe su.

Bari in fara gabatar da kaina, kada a ɗauka da ƙaramin mutum ake magana. Na yi boko har aji huɗu a Aujara, kafin mahaifina ya lura shanu na ramewa ni kuma ba na ƙiba, ya mayar da ni bayan garke. Wannan aji huɗun ya ishe ni zama shehin malamin danginmu. Duk wanda aka ba ƙwayar magani ni yake kawo wa in gaya masa da safe ake sha ko da yamma, kuma alhamdulillahi yawancinsu sun rayu. Da aka ba mu jiha aka mai da Dutse babban birni, sai na samu aikin masinja a wata ma'aikata, na kama haya a Yalwawa, na sayi keke, na soke biro biyu a aljihun gaba. Ɗaya daga cikinsu bai taɓa rubutu ba, amma ba a rubuce yake a jikinsa ba.

Wanda labarin ya shafa shi ne ɗana na fari. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba ɓoyo nake yi ba. Mu a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. “Yaron nan” muke cewa, ko da yaron ya yi furfura. To yaron nan direban babbar mota ne a lokacin, yana kai shanu Kudu ya dawo da goro da manja. Yaro ne mai kamun kai, wannan sai yanzu da na tsufa kunya ta ɗan sake ni nake iya faɗa. Ya ga 'yar wani malami a Taura, mai makarantar allo, mutumin da ko zakaransa ba ya cara sai lokaci ya yi. Muka nema, aka ba mu, aka sa rana bayan ƙaramar sallah. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ke nan, lokacin da kowa ke kaffa-kaffa da sunansa kamar mai ɗauke da ƙwai a tafin hannu.

Wajen ƙarshen damina ya dawo daga tafiya da zazzaɓi mai zafi, aka kwantar da shi a asibiti. Ban shiga ɗakin ba, ba shakka. A bakin ƙofa nake tsayawa in tambayi bango, “Mutanen ɗakin nan sun kwana lafiya?” Uwarsa, wadda ita ma kunyar ta ɗaure mata baki, sai ta amsa wa bangon, “Da sauƙi.” Cikin 'yan kwanaki zazzaɓi ya tafi, yaro ya tashi yana cin tuwo kamar ya yi rantsuwa. Muna haɗa kwanuka za mu tafi gida sai likita ta zo. Mace ce, matashiya, da tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ga biro biyu a aljihuna ta gane ta samu ɗan'uwa, sai ta yi mini bayani.

“Baba, a cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, akwai farare. Fararen su ne sojojin da ke yaƙi da cuta. Mun ƙirga nasa, ba su kai abin da littafi ya ce ba. Wataƙila zazzaɓin ne ya rage su. Ku je ya huta, ya dawo mu sake dubawa.”

Na gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya san haka, yana jira ne kawai a tabbatar masa.

Ɗakin marasa lafiya kuwa ba shi da sirri. Gadon kusa da namu akwai 'yan dubiya daga unguwarmu, kuma ɗan dubiya kunnensa ya fi na zomo. A waɗannan shekarun kullum rediyo cikin gargaɗi take: ku guji ƙanjamau, cutar da ke kashe sojojin jiki. Kalmomin da rediyo ke faɗa su likita ta faɗa. Ga direba, ga tafiyar Kudu, ga sojoji sun ragu. Mutanen Yalwawa ba su yi aji huɗu ba, amma wannan lissafin sun gama shi kafin mu iso gida.

Ya koma, aka sake awo, sojoji suna nan yadda suke. Likita ta yi masa gwajin waccan cuta, ya fita tas. Aka dakata, aka sake, ya sake fita tas. Ta ƙara ƙirga sojoji, ba su ƙaru ba. Yaro ba zazzaɓi, ba gyambo a baki, ba rama, buhun masara yake ɗauka shi kaɗai. Ta ce idan abin ya ci gaba haka za ta tura shi Kano a huda ƙashi a ɗebo ɓargo a duba. Da uwarsa ta ji zancen huda ƙashi sai ta daina cin abinci.

A waje kuwa magana ta riga ta yi ƙafa. Mai shayin bakin titi ya ware masa kofi daban. Wanzamin da ke yi masa aski tun yana goye ya ce askarsa ta dakushe, kuma ba ta sake kaifi ba. Abokan da suke haɗa hannu a kwano ɗaya kowa ya zama mai azumin nafila. Mai motar ya ce ya huta tukuna, ya miƙa wa wani makulli. Babu wanda ya furta komai a fili, domin a shekarar kowa ya ji hukuncin ƙazafi a wa'azi, kuma kowa yana son bayansa. Sai dai ka iso majalisa a yi tsit, wani ya hau zancen tsadar taki.

Ana haka Malam ya zo daga Taura. Na shimfiɗa masa buzu a zaure, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare muka sake wata. Sannan ya ce:

“Malam Akawu,” haka yake kirana, Allah ya saka masa, “na ji abin da ake faɗa, kuma na tsawatar wa wanda ya kawo mini. Zato zunubi ne, ban zargi yaron nan da komai ba. An ce an gwada ba a sami waccan cuta ba, na yarda. Amma 'ya amana ce. Tambaya ɗaya nake da ita: idan ba ita ba ce, mene ne yake cin sojojin? Ranar da aka ba ni amsa, ranar zan ɗaura. Kafin nan ban fasa ba, ban kuma ɗaura ba.”

Na buɗe baki in kawo hujja daga ilmina, na tarar aji huɗu bai kai wannan shafin ba. Na ce, “Allah gafarta Malam, gaskiyarka.” Kuma gaskiyarsa ce. Da 'yata ce, da abin da zan faɗa ke nan, sai dai ni ba zan iya faɗarsa da kyau haka ba.

Bayan na raka shi tasha na dawo, sai na tarar da yaron nan a zaure yana naɗe buzun. Ya kamata ya fice da ya ga na shigo, haka muka saba. Bai fita ba. Ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, “Baba, wallahi tallahi ban taɓa...” Na juya ina duba tayar kekena kamar yau na fara ganinta. Na ce, “Wa ya tambaye ka? Tashi ka ba mutane wuri.” Ya tashi ya fita. Ni kuma na daɗe a tsugune gaban tayar nan, wadda babu abin da ya same ta. Idan watan sallah ya zo ya wuce ba a ɗaura aure ba, to an gama yi masa shari'a ba tare da alƙali ba. Ba a Taura kaɗai ba, babu gidan da zai sake ba shi ko kaza.

A nan gaban taya ilhama ta sauko mini. Na ce wa kaina: kai, ina amfanin bokonka? Likita ta ce sojoji sun yi kaɗan. Idan sojoji suka yi kaɗan a fagen fama, me ake yi? Ana aika musu da gudummawa. Kuma kowa ya san ƙa'idar asibiti a ƙasar nan: in aka ce jinin mutum ya yi ƙasa, danginsa ake kira su ba da nasu. Haka aka yi da matar ƙanena ta haihu, haka aka yi da bijimi ya soki wani kawunmu. To mu da Allah ya ba dangi kamar fara, a ce yaronmu na zaune da rabin bataliya? Na yi mamakin yadda likita da duk tabaranta ba ta hango wannan ba, amma na yi mata uzuri, aiki ya yi mata yawa.

Washegari na hau mota zuwa Aujara wurin taubashina, ɗan goggona, mutumin da tun muna yara bai taɓa ganina ya bar ni da mutuncina ba. Na same shi yana gyaran dangwali. Ya ɗago ya ce, “A'a! Gwamna da kansa? Ina jiniya? Ko an kore ka ne ka dawo tatsa?”

Na ce, “Baƙauye, ajiye igiya ka saurara. Jinin yaron nan ya yi ƙasa.”

Dariya ta ɗauke daga fuskarsa nan take. Bai tambaye ni wane irin ƙasa ba, ni ma ban ga dalilin wahalar da ƙwaƙwalwarsa ba. Ya ce, “Yaushe ake so?” Na gaya masa ranar da likita ta ce yaro ya koma. Ya ce, “Koma gida, Akawu. Abin da ya rage ba na masu biro ba ne.”

Ni a zatona mutum uku ko huɗu zai kawo. Ranar da hantsi muna zaune a harabar asibiti, ni a wannan benci, yaron nan a wancan, sai ga wata a-kori-kura ta shigo tana nishi, bayanta na kusan shafar ƙasa. Aka fara sauka. Baffanni, kawunnai, 'ya'yan baffanni, surukai, maƙwabtan surukai, har da wani tsoho da na ɗauka ya rasu tuntuni. Masu malafa, masu sanda a kafaɗa, wasu da laka a ƙafa daga gona suka hau. Mata biyu suka sauko da ƙwaryar fura da nono, wai don a mayar da abin da za a zuƙe. Taubashina ya sauko daga gaban mota yana sakace, ya ce tun jiya ya sa kowa ya ci hanta da zogale don jinin ya yi kauri. Masu gadi suka taso a guje, sun ɗauka rikicin gona da kiwo ne ya biyo wani har asibiti.

Na jera su a baranda, na sa kowa ya naɗe hannun riga, na gyara biro, na ƙwanƙwasa ƙofar likita.

Ta fito ta tsaya. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce, “Baba, haɗari aka yi?”

Na ce, “Ranki ya daɗe, gudummawa ce. Kin ce sojoji sun yi kaɗan. Ga su nan, a ɗiba a ƙara masa. In ba su isa ba akwai wata motar a Aujara.”

Ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ta samu kanta ta ce, “Baba, ba a yin haka. Ledar jini jajayen ƙwayoyi take ƙara wa mutum. Fararen ba sa zama a jikin wani, kowa ɓargonsa ne ke ƙera masa nasa.”

Taubashina ya ce da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji, “Jama'a, kun ji aji huɗu! Mun bar shanu da yara, mun ci hantar da ba mu yi niyya ba!”

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na fara tunanin ta wace ƙofa masinja mai mutunci zai sulale. Amma sai na lura likita ta daina dariya. Tana bin layin da kallo, mutum bayan mutum: ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda rabonsu da asibiti tun rigakafin ƙyanda, wasu ma ba su taɓa shiga ba. Ta ce, “Duk lafiyarku ƙalau? Babu mai zazzaɓi?” Suka ce sai dai yunwa. Ta ce, “Duk jinin yaron ne ku?” Aka ce yawanci. Sai ta juyo gare ni, muryarta ta canza.

“Baba, a makaranta an taɓa gaya mana cewa baƙar fata da yawa fararen ƙwayoyinsu ba sa kai na littafi, kuma lafiyarsu lau. Na tuna da maganar tun ranar farko. Amma ban taɓa gani da idona ba, kuma ba zan jingina ran ɗanka da abin da na ji a aji ba. Mu nan marasa lafiya kaɗai muke aunawa, mai lafiya ba ya zuwa. Yau ga masu lafiya ka kawo mini mota guda. In sun yarda, ɗan kaɗan zan ɗiba a hannun kowa, a ƙirga.”

Na ce, “Ai dama abin da na kawo su yi ke nan.” Taubashina ya yi tari.

Abin da na gani a ɗakin awo ya isa labari shi kaɗai. Akwai baffanmu guda da ya sha bulala a shaɗi yana saurayi, ana zuba masa yana duba madubi yana murmushi, har yau tabon na ƙirjinsa. Da ya ga allura sai ya rufe ido ya kama salati, ya riƙe rigar mai awo yana cewa, “Ɗana, a hankali, ina da iyali.” Wani ya nemi a nuna masa inda za a kai jinin, kada a sayar. Tsohon nan da na ɗauka ya rasu shi ya miƙa hannu biyu, ya ce a ɗiba duka, ba abin da yake yi da shi.

Ana cikin haka na ji an yi sallama a bayana. Na juya, sai ga Malam, da rawaninsa da lema a hammata. Ashe labarin ana neman jini ya bi 'yan kasuwa har Taura. Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, “Allah gafarta Malam, ai da ba ka wahalar da kanka ba.”

Ya ce, “Maganar aure daban, maganar rai daban. Ko ba zai zama surukina ba, musulmi ne yake neman jini, ni kuma ina da shi.” Ya miƙa mini lemar, ya naɗe hannun babbar riga, ya bi layi a bayan wani yaron kawuna mai warin garke. Na yi masa bayanin cewa an sauya tsari, yanzu ƙirga kawai ake yi. Ya ce to a ƙirga da shi, ya riga ya naɗe.

Yaron nan yana can ƙarshen baranda. Na saci kallonsa, na ga ya juya fuska ga bango. Ni ma na nemi nawa bangon.

A zamanin nan da ido ake ƙirgawa. Mai awo ya sunkuya a kan madubinsa yana leƙe yana danna wani ɗan ƙarfe, ƙas, ƙas, kamar mai jan carbi. Muka koma gindin darbejiya, aka dama fura, aka yi azahar, Malam ya ja mu. Sai wajen la'asar likita ta fara kiranmu ɗaya bayan ɗaya, domin ta ce sakamakon kowa sirrinsa ne. Ba ta san dangina ba. Duk wanda ya fito tun daga bakin ƙofa yake shela. Baffan shaɗi ya fito ya ce, “An ce nawa ma ba su kai ba!” Na bayansa ya ce, “Ni ma!” Wani ya ce nasa sun kai da ƙyar. Tsoho mai hannu biyu ya fito yana dariya ba haƙori, ya ce nasa sun fi na yaron ƙaranci, kuma ga shi ya binne duk sa'o'insa. Ba duka ba ne, amma da yawa daga cikin ƙartin nan da ke kayar da bijimi, a ma'aunin littafi marasa lafiya ne.

Ni kuwa nawa suka zo daidai da littafi, ba ragi ba ƙari. Na sanar da jama'a cewa wannan ba abin mamaki ba ne, boko har cikin jini yake shiga. Taubashina ya fito yana buga ƙirji, wai nasa sun fi na kowa yawa a motar, shi barikin soja ne sukutum.

Likita ta fito ta same mu a gindin bishiya. Ta ce littafin da suke aiki da shi, mutanen wata ƙasa aka auna aka rubuta shi, kuma ba ƙarya ya yi ba, nasu ya faɗa. Ta ce ko a ƙasa ɗaya abin ba ɗaya ba ne: na jariri ya fi na babba, na mai ciki yakan hau, mai ƙurji ko wani ciwo nasa kan yi sama, haka ma mai shan taba. Da ta ambaci taba sai duk malafun nan suka juya wuri guda. Taubashina, wanda ya shekara yana rantse wa goggo cewa warin hayaƙin garke ne a rigarsa, ya hau duba sararin sama ko za a yi ruwa. Ta ce abin da ya kamata shi ne a bi ƙasar nan lungu-lungu a auna masu lafiya, a san namu ma'aunin, amma ita dai yau an kawo mata Aujara har ofis.

Baffan shaɗi ya ce, “'Yata, wato kamar a ɗauki farar saniyarmu a ce ba ta da lafiya don ba ta kai bokolo tozo ba?”

Ta ce, “Kusan haka ne, Baffa.” Sannan ta ce game da yaron nan, ta haɗa komai: ba ya yawan ciwo, sauran ƙwayoyin jininsa lafiya, gwaje-gwajensa sun fita, ga kuma danginsa. Babu abin da ke cin sojojinsa. Haka Allah ya yi shi, kuma waɗanda yake da su suna aikinsu. Ba sai an je Kano ba, sai dai ya riƙa leƙowa lokaci-lokaci, in kuma ya ji zazzaɓi kada ya zauna a gida.

Malam ne na ƙarshe da aka kira, kuma shi kaɗai ya fito bai yi shela a ƙofa ba. Ya tako a hankali har tsakiyarmu, ya karɓi lemarsa a hannuna, ya dogara da ita. A lokacin har 'yan kallo sun taru, cikinsu da mutanen unguwarmu da suka zo dubiya.

Ya ce, “Na yi tambaya a zauren bawan Allahn nan, yau an ba ni amsa a jikina. Nawa ma ba su kai ba. Ni da yaron nan kusan kai ɗaya muke.” Ya juya wajen 'yan kallo. “Akwai mutanen Yalwawa a nan? To ku kai saƙo. Duk abin da wannan awo ya sa aka faɗa a kan yaron nan, ni ma ya hau kaina. Mai son faɗa ya fara da ni, ya zo Taura, ina zaure.” Sannan ya dube ni. “Malam Akawu, ranar da muka sa tana nan. Ku zo da goro mai kyau, tunda ɗanku ya san inda ake sayo shi.”

Ina da jawabi a bakina, jawabi mai kyau, har da kalmar Turanci guda da na tanada. Sai hawaye ya riga shi fitowa. Taubashina ne ya matso ya dafa kafaɗata, ya ce a hankali, “Riƙe kanka, Gwamna, talakawa na kallo.” Shi ma idonsa ya yi ja, ya ce hayaƙi ne.

An ɗaura aure bayan sallah kamar yadda aka sa. Yau 'ya'yansu sun yi 'ya'ya. Malam ya riga mu gidan gaskiya, da baffan shaɗi, da taubashina, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta. Likita an yi mata canjin wurin aiki ba mu sake haɗuwa ba. Duk inda take, Allah ya ba ta abin da take nema, domin ta iya dariya, ta kuma san lokacin da ake daina ta a duba da kyau.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kafin ka ce mutum ya gaza, ka tambayi mudun da aka auna shi da shi, a wace kasuwa aka sassaƙa shi. Allah bai zuba mu a tulu ɗaya ba, har a cikin jinin da ba ma gani. Da yawa an yanke musu hukunci a majalisa, sun rasa aure, sun rasa sana'a, ba don suna da aibu ba, sai don ba su yi daidai da kwanon wasu ba, kuma ba su sami wanda zai tsaya a layi ɗaya da su ba. Mu mun samu. Mutanen nan sun bar gona da garke sun zo ba da jinin da ba a karɓa ba, amma abin da suka bayar ya fi jini. Saboda haka in ka ji naka na cikin matsala, kada ka tsaya sai ka gane ta tukuna. Ka hau mota ka je, ko da wauta ce ta kira ka. Allah ya san abin da zai yi da zuwanka.